Dusar da Ba Ta Kwana a Akurki

Tun la'asar ake yayyafi, irin mai ratsa jiki a hankali, amma Tsigi tana durƙushe a bakin akurki, zanenta ya jiƙe ya manne mata a ƙafa, tana share dusar da kaji suka watsar da 'yar guntuwar tsintsiya. Allah sarki! Yarinya ce siririya ƙanƙanuwa, shi ya sa tun tana rarrafe aka laƙaba mata sunan ɗan tsuntsun nan, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Kajin duk sun hau sandarsu sun takure, sai Wake-wake, tsohuwar kazar da mahaifiyarta ta rasu ta bari, ita ce kwance a lungu da 'yan tsakinta ƙarƙashin fuffuke. Tsigi ta jawo kwanon dusa ta juye ragowar a wani bokitin ƙarfe mai murfi. Ta ɗauraye kaskon ruwa ta zuba sabo, ta mayar da shi kan bulo da tsakuwoyinsa a ciki, don kada ɗan tsako ya faɗa ya nitse. Sannan ta ja ƙofa ta ce a hankali, "Mun gode Allah, yau ma babu wadda ta ɓata. Sai da safe."

Haka take yi kullum da magariba. Mahaifiyarta ce ta koya mata cewa kaza ba ta ci a duhu. Da zarar rana ta faɗi ta hau sanda, to ita da abinci sai gari ya waye. Dusar da ta kwana a akurki ba ta kaji ba ce, ta ɓeraye ce, kuma ɓeran da ya saba da dusa, gobe ƙwai zai nema, jibi ɗan tsako. Saboda haka ruwa kaɗai ake bari, mai tsabta, don duk wadda ta riga sauka ta jiƙa maƙogwaro. Bokitin kuwa ɗaki yake kwana, da asuba a mayar da kwano kafin zakara ya gama cara.

Ta juyo ke nan da bokitin a hannu, sai ta yi kiciɓis da matar Kawu a tsaye a bakin baranda, ta riƙe ƙugu.

"Ke, ina za ki da wannan kuma?"

"Ɗaki zan kai, Anti. Dusar kaji ce."

"Dusar kaji a ɗakin mutane? Ke ce kazar?" Ta matso ta fizge murfin ta leƙa. "Muguwa. Dabbobin da ba su da baki ki ƙwace musu abinci, su kwana suna haɗiyar yawu. Wallahi ranki zai ɓaci in Kawunki ya dawo."

Kafin Tsigi ta buɗe baki, mari ya sauka a kumatunta. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ɗauki murfin daga cikin taɓo, ta goge da bakin zanenta, ta wuce ɗakin Kaka.

Gidan na Kaka ne, uwar mahaifiyar Tsigi. Uban yarinyar ya rasu tana goye, uwar ta bi bayansa bayan doguwar jinya, aka bar tsohuwa da jikarta da 'yan kajinsu. Baƙin cikin bai gama sakinsu ba ciwo ya kada Kaka, ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya yi nauyi, magana ta koma gurnani wanda Tsigi kaɗai ke ganewa. Shi ne Kawu, ɗan Kaka da ya rage mata, ya dawo gidan da matarsa. Mutum ne ba mugu ba, sai dai direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida, in ya dawo kuma a gajiye yake, duk abin da aka fara zuba masa a kunne shi yake ɗauka. Abu ɗaya bai taɓa mantawa ba: buhun dusa. Ya san dafaffen ƙwai ne kaɗai abin da uwarsa take iya haɗiya da daɗin rai, don haka duk dawowa sai ya sauke buhu a lungun kicin.

Tsigi ta tura bokitin ƙarƙashin gadonta, ta zauna gefen Kaka tana matsa mata ƙafa. Tsohuwar ta ɗago hannunta mai lafiya ta shafa shatin yatsun da ke kumatun yarinyar, hawaye ya gangaro mata har cikin kunne.

"Ba komai, Kaka," in ji Tsigi tana murmushin dole. "Ina da ke, ina da wurin kwana, ga Wake-wake ta ƙyanƙyashe lafiya. Ni kuwa me zan ce wa Allah ban da godiya?"

Abin da ya fi marin damunta shi ne buhu. Ita dai ta san awonta, gwangwani guda da safe, guda da rana, amma buhun sai zubewa yake kamar an huda gindinsa. Ta duba, babu huda. Takan ga ƙanwar matar Kawu ta shigo da jaka a naɗe a hammata, ta fita da ita tana rinjayarta gefe guda, sai ta ɗauka ko kayan wanki ne, don zuciyarta ba ta iya kai mutum inda bai kai kansa ba. Da buhun ya kusa ƙarewa, sai ta koma rage nata abincin tana marmasa wa kajin. Ta ƙara ramewa, wuyanta ya yi tsawo, amma ko sau ɗaya Kaka ba ta rasa ƙwanta na safe ba.

Ranar da Kawu ya dawo, ko takalmi bai cire ba matarsa ta tare shi da kuka, irin kukan nan mai sauti babu hawaye. Ta ja shi kicin ta ɗaga masa buhu da yatsa biyu, fayau. Ta ja shi ɗakin Kaka ta durƙusa ta jawo bokiti daga ƙarƙashin gadon Tsigi, ta buɗe a gabansa.

"Ga shi nan, ka gani da idonka. Kullum da magariba sai ta kwashe abincin kajin nan ta ɓoye, da safe ta san inda take kaiwa. Na yi faɗa, na yi nasiha, har na gaji. Ɓarauniya muke ciyarwa a gidan nan."

Kawu ya dubi bokitin, ya dubi 'yar ƙanwarsa. "Tsigi, gaskiya ne kina kwashe musu abinci da dare?"

"Ina kwashewa, Kawu, amma ba sata nake ba. Kaji ba sa ci a duhu, ɓeraye ne..."

"Ka ji ko?" Matar ta tafa hannu. "Ta amsa da bakinta. Wai ɓeraye! Ni tunda na zo gidan nan ko kashin ɓera ban taɓa gani ba."

Kaka ta yunƙura a kan gado, tana dukan katifa da hannu, sauti na fita daga bakinta a karkace. Tsigi ta gane sarai abin da take cewa: ni na koya wa uwarta. Amma matar Kawu ta riga ta. "Ayya Mama, yi haƙuri, kwanta. Ka ji, ita ma cewa take ta gaji da halin yarinyar nan."

Wayyo! A nan ne kukan Tsigi ya ɓalle. Ba don an ce mata ɓarauniya ba, sai don an ɗauki maganar Kaka an juya ta a gaban idonta, tsohuwar tana ji ba ta da bakin gyarawa.

Kawu ya share fuska da tafin hannu. "Ban taɓa zaton haka daga jinin 'yar'uwata ba. Akwai wata 'yar'uwar babanmu can nesa da ke neman mai taya ta aiki. In na dawo daga wannan tafiyar, zan sa ki a mota in kai ki. Kafin nan, kada hannunki ya sake taɓa akurkin nan."

Tsigi ta rarrafa ta kama ƙafarsa. "Kawu, ka dake ni, ka hana ni abinci, amma kada ka raba ni da Kaka. Wa zai gane in tana jin ƙishirwa? Wa zai juya ta?" Ya zare ƙafarsa ya fita, don shi ma idonsa ya kawo ruwa kuma ba ya son a gani.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa a layin ba washegari, matar ta watso wa Tsigi 'yan tsummokaranta waje. "Je ki jira shi a titi. Gadonki ƙanwata za ta hau in ta zo." Ta banko ƙofa.

Allah ba ya barin bawansa haka. Gidan da ke jikin nasu na wata mai ɗinki ce, bazawara mai ƙiba da yawan dariya, wadda kan kekenta ba ya hutawa. Ita ta fito zubar da ƙyallaye ta ga yarinya zaune a dakali ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta tambayi dogon labari ba, ta kama hannunta. "Taso, 'yata. Ni dama ina neman wanda zai riƙa zura mini zare, idona ya fara yi mini gardama. Sai dai ki sani, ina minshari kamar injin niƙa, kada ki ce ban gaya miki ba." Tsigi ta yi dariya cikin hawaye. Ta ci ta ƙoshi a ranar, ta kwanta a kan tarin yadi mai laushi tana sa wa matar albarka a zuciyarta har barci ya ɗauke ta.

A bayan ɗakin ɗinkin akwai inda bulo ɗaya ya fita daga katanga, daidai saitin akurki. Nan Tsigi ta mayar wurin zamanta safe da yamma. Da magaribar farko ta ga matar Kawu ta cika kwano da dusa har yana tsiyaya, ta jawo wani faffaɗan baho ta cika da ruwa ta ajiye a ƙasa, tana magana da ƙarfi don maƙwabta su ji. "Ku ci ku more, bayin Allah, mai hana ku ta tafi." Da safe aka tarar da kwano tas kamar an lashe. "Kun gani ko? Ashe da yunwa suke kwana!" Tsigi ta dafe ƙirji, don ta san waɗanda suka ci.

Ba a jima ba abin ya fara. Ɗan tsako guda aka tsinta yana yawo a saman ruwan baho, ya sandare. Wani ya ɓace, sai 'yan gashinsa a bakin wani sabon rami a gindin akurki. Kajin suka firgice, ba sa barci, suka daina ƙwai, ɗan wanda aka samu ma sai a tarar da ɓawo. Wake-wake ta fito wata safiya tana ɗingishi, jini a ƙafarta, tana kiran 'ya'yan da babu su. Tsigi ta kasa daurewa, ta sa baki a kafar katangar.

"Anti, don girman Allah ki riƙa ɗauke kwanon da magariba. Ba don ni ba, don ƙwan Kaka."

Amsar da ta samu ruwan wanke-wanke ne, ta kafar, har cikin ido. Mai ɗinki ta goge mata fuska da ƙyalle tana huci, ta ce bari ta je ta ci mutuncin matar. Tsigi ta riƙe ta. "Bar ta, Inna. In kika je, a kan Kaka za ta huce." Ta koma ta ɗaga hannu sama. "Ya Allah, kai ka san abin da ke cikin bokitin nan da abin da ke cikin zuciyata. Ban roƙe ka ka cuci kowa ba... ka dai bar ni kusa da Kakata."

Ranar da ake sa ran dawowar Kawu, Tsigi ta ƙulle 'yan kayanta tun da rana, ta yi wa mai ɗinki godiya har matar ta ce ta isa haka kada ta sa ta kuka. Da rana ta yi ja za ta faɗi, sai ta je kafar katanga don ta yi wa kajin kallon ƙarshe. Matar Kawu ta cika kwano kamar kullum ta shige ɗakinta. Tsakar gidan shiru... sai wani sauti, kamar ana jan buhu a ƙasa.

Kaka ce! Tsohuwar da sai an ɗaga ta ake zaunar da ita, ita ce ta sulalo daga gado, take jan jiki da gwiwar hannu ɗaya, shanyayyar ƙafarta na biye da ita a cikin ƙasa. Ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Tana ja tana hutawa, tana ja tana nishi, har ta kai bakin akurki. Ta miƙa hannu ta kama bakin kwanon dusar tana ƙoƙarin jawo shi waje.

Tsigi ba ta san lokacin da ta zagaya da gudu ba, ta manta da kora, ta manta da duka. Ta faɗa gidan ta rungume tsohuwar. "Kaka, me ya fito da ke? Sake shi, ni zan ɗauke, sake shi..." Amma Kaka ta ƙi sakin kwanon. A haka suka ji tsayuwar babbar mota a waje, a haka Kawu ya shigo da sabon buhu a kafaɗa ya same su.

Buhun ya suɓuce masa ya faɗi. Ya tsaya yana kallon uwarsa a ƙasa, gwiwar hannunta ta saluɓe tana jini, yatsunta a damƙe da kwano. Ta ɗago ido ta dube shi, ta nuna rana mai faɗuwa da haɓa, ta nuna kwanon, ta sake jan shi waje. Sai ga abin da ya yi shekara da shekaru bai tuna ba ya dawo masa: shi da ƙanwarsa suna yara, wannan tsohuwar tana tsaye a kansu da magariba, ba mai wanke hannu ya ci abinci sai an ɗauke kwanon kaji an share ƙasa. Ƙanwar ce ta riƙe, shi ya bi hanya ya manta. Ya durƙushe a gabansu. "Mama... ashe ke kika koya mata."

Bai rufe baki ba ihu ya tashi daga ɗakin matarsa. Ita da ta ji ƙarar mota, sai ta tuna da jakunkunan dusar da ta ɗiba ta ɓoye a ƙasan kabad, waɗanda ƙanwarta ba ta zo ta kwasa ba tukuna. Ta yi sauri ta sauya musu wuri, tana ɗaga ta farko gindin ya zube. Ɓerayen da ta yi ta kiwo a akurki sun daɗe da gano hanyar ɗakinta. Da Kawu ya leƙa, ya tarar da ita tsaye a kan gado tana tsalle, dusa ta malale har bakin ƙofa, ɓeraye na tsere ta tsakanin ƙafafunsa. Kayan sawarta na fita kunya, waɗanda ko taɓawa ba ta bari a yi, duk sun zama raga; a tsakiyar wanda ta fi ji da shi ma wata uwar ɓera ta haihu, 'ya'yan jajaye suna motsi.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ɗebi dusar a tafin hannu ya nuna mata. "Wannan ma Tsigi ce ta kawo miki ajiya?"

Ta fara rantse-rantse, ta koma kuka, wannan karon da hawaye na gaske. Ta ce ƙanwarta ce ta sa ta, don tana kiwon kaji a can gidansu. Aka kira ƙanwar a waya, ta ce ita ba ta san zancen ba, kada a sake a sa sunanta, ta kashe. Kawu ya ce, "Dusa ba komai ba ce, da kin roƙa da na ba ki buhu. Amma kin sa na kori marainiya, kin juya maganar uwata a gabana, kin bar ta tana jan ciki a ƙasa. Ki tafi gidanku." Ta nemi abin da za ta ɗauka ta rasa mai lafiya. Tsigi ce ta kwance ƙullinta ta ciro zane guda ta miƙa mata ta rufa. Matar ta karɓa, ta kasa haɗa ido da ita, ta fita ta gaban matan layin da ihunta ya tara.

Kawu ya ɗauki uwarsa kamar jaririya ya mayar kan gado, Tsigi ta wanke mata ciwon ta ɗaure. Sannan ya juyo, ƙaton mutum, hawaye na bin gemunsa. "'Yata, ki yafe mini. Na ci amanar 'yar'uwata."

"Na yafe, Kawu, tun ba yau ba. Kai ne fa kake kawo mana buhu duk tafiya, ba ka taɓa mantawa ba. Ni dai... ba za ka kai ni can ba ko?"

"Ko ni zan bar gidan nan, ke ba za ki bar shi ba."

Ya ɗauki hutu ya zauna. Ya toshe ramuka da siminti, ya ɗana tarko, ya ƙone tsummokaran. Da magariba sai ga shi durƙushe a bakin akurki da guntuwar tsintsiya, Tsigi na tsaye a kansa tana cewa, "Ga saura can a lungu, Kawu." Mai ɗinki ta leƙo ta kafar katanga tana dariya. "Direba, a haka dai? To ka share da kyau, shugabar tana kallo."

Kajin sun daɗe kafin su manta da firgici. Amma wata safiya Tsigi ta mayar da kwano, suka sauko suka rufe shi da ci, sai ta hangi abu fari a lungun Wake-wake. Ta ɗauka, da ɗuminsa. Ta shiga ɗaki a guje ta sa shi a tafin Kaka, ta naɗe mata yatsu a kai. Tsohuwar ta daɗe tana juya shi, bakinta na motsi, tana kokawa da harshenta. Can ta buɗe baki, a hankali, kuma a fili yadda har Kawu da ke bakin ƙofa ya ji ba tare da an fassara masa ba.

"Tsi...gi. Na... gode."

Tsigi ta kifa kanta a ƙirjin tsohuwar tana kuka. "Ni ce da godiya, Kaka," ta ce. "Kawo in dafa miki tun bai huce ba."